Gishiri a Ƙarƙashin Harshen Nilzete

Shekara ashirin da bakwai Dona Valdelice ta yi tana goge daɓen wani asibiti a Salvador, babban birnin jiharmu ta Bahia, kuma a tsawon shekarun nan babu likitan da ya taɓa tambayar sunanta. "Ke mai tsumma" ake ce mata. Ita kuwa hannunta na kan tsumma, idonta na kan aikin nas-nas. Wata nas mai ciwon baya ce ta fara miƙa mata abin auna hawan jini, ba don Allah ba, don dai ta samu ta zauna. Ta nuna mata yadda ake ɗaura ƙyallen a damtse, a matsa robar har ya cika, a maƙala abin sauraro a kunne, a riƙa sakin iska a hankali ana kallon allurar agogon. Kafin shekara ta zagayo, su nas-nas ɗin ne ke aika a kira ta in awon wani majinyaci ya shige musu duhu. Takardar shaida kuwa, ko wadda za a ƙunsa gyaɗa a ciki ba wanda ya ba ta.

Da ta yi ritaya ta dawo garinmu na bakin kogi, sai ta sayi nata abin awon, ta kafa tebur da kujera biyu a gindin mangwaron ƙofar kasuwa, Laraba da Asabar. Dokokinta uku ne: ka zauna, kada ka harɗe ƙafa, ka yi shiru na minti biyar. Ta ukun nan ita ce mai wuya, don ɗan Bahia gara ka hana shi abinci da ka hana shi magana. Wani ya ba ta ayaba, wani kifi, wani godiya kawai. Wanda ta ga jininsa ya hau sai ta kora shi wurin likita da faɗa, har ta bi shi da kira a cikin jama'a ko ya je.

Mutanen gari sun ɗauka don su take zama. Gaskiyar magana, saboda mutum ɗaya ta kafa teburin nan a daidai inda ta kafa shi. Ƙanwarta Nilzete, wadda ta goya tun tana zanin goyo, tana sayar da farfesun ƙafar sa da garin rogo taku goma daga gindin mangwaron. Mace ce ƙatuwa, mai dariya har da buga cinya, damtsenta ya kai cinyar wani. Jininta kuma mugun hawa yake yi, ga ta da taurin kai.

"Sha takwas bisa sha ɗaya," in ji Valdelice, tana zare abin daga kunne; haka muke faɗin ɗari da tamanin bisa ɗari da goma a nan. "Wannan ba lambar mai rai ba ce. Kin sha ƙwayar yau?"

"Yaya, ƙwayar fitsarin nan? In na sha, sau shida nake zagawa kafin rana ta take. Banɗakin kasuwa wata nawa yana kulle? Ko a tukunyar farfesu kike so in yi?"

"To ki mutu a kan tukunyar."

"Ai kya gaji ludayi, tsohuwar kawai."

Haka suke kullum. Amma ƙarshen faɗan ɗaya ne: Valdelice ta tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwayar, kuma duk sanda fitsari ya matsa, ita ke barin teburinta ta riƙe ludayi, Nilzete ta ruga gidan wata ƙawarta a bayan coci. Masu saye suna ƙorafi wai tsohuwa rowar romo gare ta. Shekara tara suka yi a haka, Nilzete ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba.

Sai ƙaramar hukuma ta sayo na'ura. An kai ta ƙaramin asibitin da ke kan tudu, an yanke ƙyalle, an ɗauki hotuna, har da 'yan kiɗa. Ka zura hannu cikin wani kogo, ka danna maɓalli, ta tofo maka 'yar takarda. Ba laifi, abu ne mai kyau. Laifin shi ne mako guda bayan haka wani jami'i ya tsaya a gaban teburin Valdelice da fayil a hammata.

"Mama, ina takardarki ta aikin jinya?"

"Yallaɓai, lokacin da na fara sauraron jinin mutane, uwarka ba ta san ubanka ba."

"Ba musu na zo yi ba. Yanzu akwai na'ura. In na sake ganin teburin nan, zan kwashe kayan, in haɗa ki da 'yan sanda."

Ta juya ta dubi kasuwa. Ga mahaucin da ta kora asibiti aka ceto shi, ga masu kifi, ga masu rogo, mutanen da ta san damtsensu fiye da matansu. Kowa ya sunkuyar da kai, wai yana gyara kaya. Nilzete kaɗai ta taso da ludayi tana zage-zage, har sai da aka rirriƙe ta. Wannan shirun ya fi maganar jami'in ƙona wa Valdelice rai. Ta naɗe kayanta, ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara taka kasuwar nan ba.

Ta dai tasa Nilzete a gaba suka hau tudun, su ga na'urar. Suka yi layi awa biyu. Da aka zo kansu, damtsen Nilzete ya ƙi shiga kogon. Aka murɗa, aka tura, ya ƙi. Matar da ke kula da wurin ta ce su dawo in an kawo babba, ba ta dai san ranar ba. Nilzete ta sauko tana dariya, wai na'urar 'yan mata masu ramar gayu ce. Valdelice ba ta yi dariya ba. Ta ce mata ta riƙa biyowa gida tana auna ta. Nilzete ta ce to, irin "to" ɗin da kowa ya san ba zuwa za a yi ba, don gidanta a hayin kogi yake, kuma tukunya ba ta jira.

A nan ne nake jin haushin Valdelice ita ma, duk da ina ƙaunarta. An hana ta tebur, ba a hana ta riƙe ludayi ba. Amma zuciya ta ɗebe ta. Mako uku tana zaune a gida tana cizon yatsa, tana jiran kasuwa ta zo ta ba ta haƙuri. Kasuwa ba ta zo ba, Nilzete kuma ba mai riƙe mata ludayi, sai ta daina shan ƙwayar.

Asabar ta huɗu rana ta buɗe da zafi. Wajen ƙarfe goma Nilzete ta dafe kai, ta ce ƙasa na juya mata, ta zube a kan benci. Dona Creuza mai busasshen kifi, aminiyarta ta shekara talatin, ita ta fara isowa.

"Wayyo Allah, jininta ne ya sauka! A kawo gishiri!"

Mu haka muka taso muka tarar. Mutum ya ga jiri, ya yi gumi, ya yi laushi, to jininsa ne ya faɗi, a ɗebo gishiri a zuba masa ƙarƙashin harshe. Kakanninmu sun yi, iyayenmu sun yi. Shekara tara Valdelice tana yayyage maƙogwaro a kasuwar nan cewa mai hawan jini ma yana ganin jiri, a auna tukuna, in ba abin awo a kai shi asibiti. Ana cewa "gaskiya ne, Dona", amma ranar da aka firgita sai hannu ya tafi inda ya saba. Creuza ta zuba mata, suka yi ta fifita da kwali. Nilzete ta ce kanta zai tsage. Aka ce rana ce, aka ƙara gishiri. Maganarta ta fara nauyi, aka ce gajiya ce, aka ɗura mata romon tukunyarta. Sai bayan awa ɗaya da rabi Seu Genivaldo mai acaɓa ya ce shi fa bai yarda da bakin nan ba, ya tayar da babur ya ɗauko Valdelice.

Ta ratso taron da silifa wari guda. Ba ta buƙaci awo ba, don bakin ƙanwarta ya riga ya karkace, farin yawu na zubowa ta gefe, hannun dama ya saki. Duk da haka ta ɗaura mata abin awon. Ashirin da uku bisa sha uku.

"Wa ya ba ta gishiri?"

"Ni ce, Dona," in ji Creuza cikin kuka. "Sau biyu na ba ta. Na ɗauka..."

"Kin ɗauka! Sau nawa na gaya muku? Sau nawa? Ku duka nan, da bakin da kuka kasa buɗewa ranar da aka kore ni, yau kun zama likitoci! Ku matsa mini, marasa kunya!"

A bayan motar mai ayaba suka kai ta babban asibiti na garin gaba. Likitan da ya fito bayan an duba ta matashi ne, a gajiye, kuma ba mugu ba ne. Ya ce gishirin bai taimaka ba, amma lokacin da aka ɓata shi ya fi yin ɓarna. Za ta rayu, sai dai ɓarin jikinta ya shanye, magana kuma sai yadda Allah ya yi. Sannan ya girgiza kai.

"Mama, ku mutanen karkara sai kun faɗi ake ganinku. Matar nan ba wanda ya taɓa auna jininta ne?"

Duk garinmu babu mai bakin Valdelice, amma ranar sai ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango.

Yanzu Nilzete na kwance a ɗakin yayarta. Valdelice ke mata wanka, ta juya ta, ta ba ta fate a cokali, ta sa mata ƙwaya a baki kowace safiya. Wani lokaci tana tsokanarta da gangan, ta ce mata ƙatuwar banza, ko za ta rama. Jiya da safe ta ɗaura mata ƙyallen a hannun hagu, ta saurara, ta saki iska.

"Sha biyu bisa takwas," ta ce. "Kin ji? Kamar na budurwa."

Nilzete ta dube ta, ta yi ta kokawa da harshenta har jijiyar wuyanta ta tashi. Valdelice ta sunkuya, ta kai kunne daf da bakinta, tana jiran zagi. Abin da ya fito kalma ɗaya ce, a karkace: "Yaya."