Jan Zare a Hannun Kofi

Ni na kayar da ƙanena. Ina acaɓa a lokacin, na goyo shi daga Batagarawa ina gudu don mu riga ruwan sama shiga gari, sai akuya ta gifta. Hular kwano ɗaya ce, kuma a kaina take. Na tashi da ƙujewa a gwiwa, shi kuwa ƙeyarsa ta bugi bakin kwalta.

An ɗinke shi, ya warke, ya koma kan keken ɗinkinsa a Ƙofar Kwaya. Bayan wata bakwai, muna cin abincin rana a zaure, ya sandare ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya janye ni, ya ce farfaɗiya ce, kada yawunsa ya taɓa ni, ana ɗauka. Na ja baya. Ina tsaye ina kallo kansa na bugun daɓe.

Tun muna yara kwanonmu ɗaya. Washegari na sa maiɗakina ta zuba mashi nasa daban, ta ɗaura jan zare a hannun kofinsa don kada a haɗa da namu. Na yi mashi ƙarya cewa aiki ne ba ya barina in dawo kan lokaci. Ya dubi zaren, ya ɗauki kofinsa.

Shekara biyu muna hayaƙi da rubutun sha kafin in kai shi asibiti. Likita ya tambaya ko ya taɓa buguwa a ka. Ƙanena ya ce i, ya faɗo daga babur, bai faɗi mai tuƙin ba. Likitan ya ce tabon raunin ne a ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukar farfaɗiya. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a tare kansa da abu mai laushi. Aka ba shi magani, faɗuwar ta ragu.

Muna komawa gida na tsinke zaren, na ɗauki kwanona na same shi a ɗakinsa, na ce ya sa hannu.

"Ci abinka, Yaya. Na saba."

Na roƙe shi gafara a kan babur ɗin.

"Wannan ƙaddara ce, ban taɓa riƙe ka da ita ba." Sai ya ƙara da cewa, "Zaren ne ya yi mani ciwo."

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma har yau in na kai kwano, sai ya ce ya riga ya ci.