Ranar Da Maiwada Ya Riƙe Lasifika

Maiwada mai gyaran rediyo a kasuwar Hunkuyi ya tsufa da abu ɗaya tokare a maƙogwaronsa, wato Yahuza. Tun suna samari suke bin motar majigi ƙauye-ƙauye, daga Kudan har Kurmin Kogi. Maiwada ke ɗaukar inji, shi ke ɗaura farin ƙyalle, shi ke shaƙar hayaƙin janareta. Yahuza kuwa lasifika kawai yake riƙewa, don finafinan ba sa magana sai an yi musu baki. To amma wa ake kawo wa rake da fura? Yahuza mana.

Akwai wani tsohon fim na siddabaru da jama'a ba sa gajiya da shi. Wani Bature mai doguwar hula zai kaɗa sanda, manomin da ke gabansa ya yi ɓatan dabo, ya dawo jaki. Duk sanda aka zo wurin, sai Yahuza ya ce, "Jama'a, ga Maiwada nan ya zo neman taki." Fili ya kaure da dariya, shi kuwa yana bayan inji yana cizon leɓe.

Bana sai ga Farida, wata ɗaliba daga Zariya, tana bincike kan yadda irin waɗannan finafinai ke fifita masu hali, su mai da talaka abin dariya. Yahuza ta zo nema, wannan ma ya sosa wa Maiwada rai. Sai dai shanyewar ɓarin jiki ta riga ta ɗauke wa Yahuza magana.

"Baba, in mun haska fim ɗin siddabarun nan, ko kai za ka yi mana bayanin, kamar yadda ake yi a da?" ta tambayi Maiwada.

"Ai da ma ni ya kamata a fara tambaya, 'yata."

Allah na gani bai yi murna da ciwon abokinsa ba, amma ya ba da babbar rigarsa wanki da guga. Ya shirya maganarsa tsaf: in manomin nan ya fito, sunansa Yahuza.

Ranar da za a haska fim ɗin, bayan la'asar, aka toshe tagogin wani aji da tabarmi. Aka ɗauko Yahuza a kujera aka ajiye a gaba, tsofaffi suna ta layin gaishe shi. Mutum ko magana ba ya yi, amma har yanzu shi ake yi wa rububi. Kishi ya turnuƙe Maiwada.

Baturen ya ɗaga sanda, manomin ya shigo. Maiwada ya ja numfashi, ya kai lasifika baki. Kafin ya furta komai, tsofaffin nan suka haɗa baki: "Ga Maiwada nan ya zo neman taki."

Ajin ya ɗauki dariya. Yahuza ma na yi da rabin fuska, har da hawaye. Maiwada ya ajiye lasifikar har fim ya ƙare. Da aka watse, shi ya hau benci ya kwance farin ƙyallen.