Malam Zailani na Ɗakin Jini

Kafin bakwai na safe Malam Zailani ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin gwaji. Ba ya tsayawa hira da kowa sai ya buɗe firiji, ya sa hannu ya ji sanyi, ya duba ledojin jinin da suka kwana. Daga nan ya ratsa baranda zuwa sashen gaggawa, ya ce da nas ɗin da ke bakin aiki, "Sista, ina kwana? Leda biyu gare mu yau, ki sani tun yanzu." Haka yake yi shekara da shekaru a wannan asibiti na ƙasar Gwarzo. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ba wanda ya ɗora masa wannan zirga-zirga. A takarda aikinsa gwaji ne kawai. A shekarun tsuke bakin aljihu ne wayar da ke haɗa ɗakunan biyu ta mutu, aka rasa mai gyara. Ya ga takardar neman jini tana yin awa guda a hanya, sai ya koma zuwa da ƙafarsa. Ko da aka gyara wayar bai daina ba.

Sista Lauratu, wadda ta daɗe a sashen gaggawa, ta ba ni labarin wani hantsi da damina, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. An kawo wata mata, Asta, daga Kutama a bayan a-kori-kura. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata. Leda ɗaya ce a firiji, kuma ba rukuninta ba ce. Na mijinta Jibirin ma bai dace ba.

Likitan sabo ne, ya daka tsawa. "Malam, kawo abin da ke akwai!"

"Likita, in na miƙa maka wannan, ni na kashe ta. Ku riƙe ta da ruwa, ina zuwa."

Ya san masu irin wannan jini a garin, ɗaya bayan ɗaya. Ya tari ɗan acaɓa zuwa Unguwar Tudu, ya ɗauko Malam Abdulrahman daga tsakiyar darasin Islamiyya. Suna isowa Jibirin ya tare ƙofa.

"Jinin wani namiji a jikin matata? Yanzu da ake Shari'a?"

Malam Abdulrahman yana naɗe hannun riga ya ce, "Jibirin, jini ba shayarwa ba ne, ba ya ƙulla zumunta, ba ya taɓa aure. Ceton rai ne. Matsa mini."

Malam Zailani ya ɗaure wa Malam Abdulrahman dantse. Ya ɗebi jinin, ya yi duk gwajin da aka saba, bai tsallake ko ɗaya ba, sannan ya kai ledar da hannunsa. Asta ta tashi. Bayan suna Jibirin ya dawo da zabi biyu, ɗaya ta likita, ɗaya ta Malam Abdulrahman. Bai tambayi ɗakin gwaji ba.

Ba kullum ake dacewa ba. Sista Lauratu ta ce akwai waɗanda ya dawo da jini ya tarar an lulluɓe su. Sai ya yi salati, ya mayar da ledar firiji tun da sanyinta, don na gaba.

Malam Zailani, kai ne mai cewa a'a lokacin da kowa ke ihu. Kai ne wanda jinin Kabo da na Gwarzo ya bi ta hannunsa, masu shi ba su san sunanka ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Na tambaye shi abin da yake so a yi masa na sallama. Ya ce walima ba ta dame shi ba.

"Duk mai lafiya ya zo a gwada rukunin jininsa, ya bar suna da unguwa. Wanda zai gaje ni baƙo ne, bai san gidan kowa ba."