Zauren da Ya Cinye Garkenmu

Har yau in ka shiga Kazaure ka bi ta gindin dutse, akwai wani zaure da zai ɗauke maka ido. An yi masa zanko, an shafe shi da makuba, an zana fuskarsa da kyau. In ka gan shi sai ka ce gidan wani hakimi ne. Kada ka wahalar da bakinka da sallama, bayan zauren nan babu komai sai tudun ƙasa da tumfafiya. Gidan ƙanena ne, kuma da shanun ubanmu ya saye shi, tun Nasara ba su zo ƙasar nan ba.

Mu Fulanin Roni ne, rugarmu tana bayan duwatsu. Cikin 'ya'yan Inna mu biyu ne muka rayu, ni 'yar fari, shi auta. Mijina ya rasu na komo gida da zama, ba a daɗe ba Baffa, mahaifinmu, shi ma ya cika. Ya bar mana garke, ba wani babba ba, amma bai taɓa barin mu kwana da yunwa ba. Ba a raba gado ba, don Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a raba shanun da suka saba kwana tare ba. Ita ke tatsa, ni ke kai nono kasuwa, shi kuwa auta wai shi ke kiwo.

Wai! Kiwon nasa ya ƙare ranar da wani bafade ya sauka rugarmu karɓar jangali. Ƙanena ya riƙe masa linzami, bafaden ya miƙa masa goro ya ce, "Samari, kai ba ka yi kama da ɗan daji ba." Shi ke nan, kai ya kumbura. Ya sayar da bajimi ya sayi babbar riga da rawani, ya koma zaman ƙofar gidan bafaden nan a Kazaure, yana "ranka ya daɗe" tun daga hantsi har la'asar. In ya zo ruga sai ya riƙa ɗage riga yana yatsina fuska don kashin shanu, shi da aka yanke wa cibiya a gefen garke. Girman kai rawanin tsiya, na sha gaya masa haka, bai taɓa ji ba.

Wata rana da bazara ya zo yana washe baki. Ya durƙusa gaban Inna ya ce ubangidansa zai tashi ya koma sabon gida kusa da fada, kuma saboda ƙaunar da yake yi masa ya yarda ya sayar masa da tsohon. Ba kuɗin wuri ubangidan yake so ba, shanu yake so, garken gaba ɗaya.

Na ce, "Ka ga gidan?"

Ya ce, "Haba Adda, kullum a zaurensa nake wuni."

"Ban tambaye ka zaure ba. Ka shiga ciki?"

Ya zaro ido. "Ni, namiji, in ƙetare zauren mutum matansa suna kulle? Ke kam daji ya gama da ke."

Wannan gaskiya ne, a birni namiji baligi ba ya wuce zauren wani. Amma mutanen birni ba wawaye ba ne, sun san maganin abin. Wanda zai sayi gida alhali mata suna ciki, mace yake aikawa, uwarsa ko yayarsa ko wata gwaggo mai ido. Ta shiga da sunan gaisuwa, ta zauna ta sha ruwa, ta ɗaga kai ta dubi azarar rufi, ta nemi kewayawa don ta ga katangar baya, ta tambayi maƙwabta ta ina ruwa ke bi. Mai haƙuri ma sai ya jira damina ta faɗi, don da rani kowane gidan ƙasa lafiyayye ne. Kowa ya san da wannan, har mai sayarwa, kuma ba a jin haushi.

Na ce masa, "To ga ni, aike ni. Ni da ƙwaryar nono babu gidan da ba na shiga. Kafin in gama auna musu na ga duk abin da ake gani."

Ya miƙe tsaye yana karkaɗe riga. "Wallahi ba za ki je ba! In aika a leƙa ɗakin ubangidana, ai na kira shi maƙaryaci ke nan. Sannan kuma a ce mai tallan nonon nan yayata ce? So kike ki zubar mini da mutunci a idon fadawa?"

Mutunci! Nonon da ya yi masa tsokar da yake rataya wa riga shi ne yau ya zama abin kunya. Raina ya ɓaci, na juya wajen Inna.

Inna tana da kunyar ɗan fari irin ta Fulanin da. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in za ta yi mini magana sai ta yi wa bango ko tukunya. Ta goyi bayana a kan autanta kuwa, wannan a wurinta rashin kunya ne. Ta ci gaba da goge ƙwaryar tatsa, ta ce wa ƙwaryar, "A bar shi. Namiji ne." Rabona yana cikin garken nan, amma ni ba na ja da Inna.

Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Mai unguwa ya tambaye shi kamar yadda aka saba, "Ka gani, ka yarda?" Sakaran nan ya buɗe baki ya ce, "Na gani, na yarda." Shi da kansa ya ba mu labari, yana alfahari da cinikin biri a sama. Ranar da aka zo korar shanu, Inna ta shige bukka ta juya baya. Akwai wata jar saniya da Inna ta yi renonta tun tana maraƙa, ita ce ta toge a bakin ruga tana kuka, sai da aka sa mata sanda.

Matan bafade suka kwashe, mu kuma muka ɗora kayanmu a jakin aro muka shiga Kazaure. Zauren kam, ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Ƙanena ya wuce gaba yana jan riga, ya shiga cikin gidan da ya saya, karo na farko a rayuwarsa.

Ɗakunan soro ne a jere, shi yana ta nuna wa Inna ƙofofi. Ni ƙasa na duba. A tsakar gida, kan ɗan tudu, ga daɓe a kewaye a kewaye, ga ramukan da aka zare itace, sababbi. Wadda ta girma a ruga ba a koya mata shaidar bukka. Matan gidan nan a bukkoki suke kwana, ranar tashi aka kwance su. Na ce, "Auta, mutum yana da soro, me zai kai shi kwana cikin ciyawa?" Ya ce wataƙila akurkin kaji ne. Na nuna masa toka na ce to kajin nan har da murhu gare su.

Na shiga ɗakin farko. Bango ya yi shati har gwiwa, inda ruwa ke kwanciya, gindinsa ya zaizaye an liƙe da sabon yaɓe. Na ɗauko taɓarya na zunguri azara. Taɓaryar ta shige kamar cikin tuwo, gari ya zubo mini a ka, gara tana ta watsuwa. Na kewaya baya, katanga tana tsaye a bakin kududdufi, kuma duk ruwan da zai gangaro daga dutse, hanyarsa ta tsakar gidan nan ce. Zaure kaɗai aka gina a kan falalen dutse, shi kaɗai ake gyarawa, don shi baƙi ke gani.

Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. "Sannunku da zuwa. Ku ne kuka saya? Ikon Allah! Mun yi ta zuba ido mu ga wadda za a aiko ta duba, shiru." Ta ce shekara da shekaru ana neman mai saye a cikin gari, duk matar da aka aiko ko zama ba ta yi take juyawa. Da na gaya wa ƙanena, sai ya ce hassada ce irin ta mata.

Na yanko ciyawa da kara na kafa bukka a kan tsohon daɓen. Ya yi tsalle ya dire, wai na mayar masa da gida ruga. Ya rantse uwarsa ba za ta kwana a bukka ba shi yana da soro. Inna kuwa, don kada autanta ya ji kunya, ta kwashi jeren ƙorenta, waɗanda take adanawa tun na aurenta, ta shiga ɗakin da ya fi girma.

Damina ta faɗi. Ɗakin ya fara yoyo, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin katanga. Sai wata rana da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin bukka na ji rufin soro yana ƙas, ƙas. Na ruga. Ruwa ya kai ƙauri, Inna tana zaune a kan gado rungume da ƙwaryar tatsa, ƙasa tana zubo mata a ka. Na ce, "Inna, fito!" Ta ce wa bango, "Ya ce a zauna." Ban tsaya wata kunya ba, na sungume ta na yi waje. Ba mu kai bukka ba rufin ya rufta. Kafin la'asar sauran ɗakunan sun bi shi, katangar baya ta kwanta cikin kududdufi. Jeren ƙoren Inna duk yana ƙarƙashin ƙasa, sai wadda ta fito da ita a hannu.

Ƙanena fa? Yana zaure, ko ɗigo bai taɓa rawaninsa ba.

Na ce mu je gaban alƙali, ai shari'a tana warware ciniki in an ɓoye aibi. Ya sunkuyar da kai. Shi da ya ce ya gani ya yarda a gaban shaidu, da wane baki zai ce bai gani ba? Kuma wai ba a kai ubangida ƙara, ga shi an yi masa alkawarin wata 'yar sarauta. Har ya koma ga Allah yana jiran sarautar nan. Bafaden ya zo jaje, ya tsaya a zaure ya ce, "Ruwa na Allah ne." Ƙanena ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," har da raka shi bakin hanya. Na rasa wanda na fi rainawa a cikinsu, amma shi bafaden dai ya san abin da yake yi.

Muka zauna a bukka irin wadda muka baro a Roni, sai dai babu garke a bayanta. Na shiga aikatau, ina yi wa matan gari surfe da daka a ba ni ɗan gero. Inna ta rame. Kullum da sassafe sai ta wanke ƙwaryar tatsa, ta goge, ta kife, sannan ta zauna tana saƙar wani faifai mai ado.

Da kaka wata Bafulatana mai tallan nono ta shigo. Ta durƙusa ta gai da Inna da Fulatanci, hira ta ɗan yi tsawo. Ashe mijinta ne ke kiwon shanun bafade. Ta ce an kawo musu wasu daga wajen Roni, akwai wata ja a cikinsu mai nono sosai, amma ba ta tsayawa a tatse ta sai an ɗaure mata ƙafa. Ba ta san da wa take magana ba, baiwar Allah. Inna ta ɗebi geron da na samo ta miƙa mata, aka auna mata nono a ƙwaryar tatsa. Tun tasowarta ba ta taɓa sayen nono ba. Ta riƙe ƙwaryar tana kallo.

Mai nono ta fita ke nan sai ga muryar ƙanena daga zaure. Ya yi baƙi, wasu fadawa. "Adda! A kawo wa baƙi nono mai kyau, gidan Fulani suka zo!" Har da 'yar dariyarsa.

Inna ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunana. Na ɗauka kunnena ne. Ta sake kira, ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "Shanye." Na shanye, hawaye suna zuba a ciki. Ta karɓa ta wanke, ta goge tas, ta ɗauko faifan nan mai ado ta rufe. Ta ce, "Kai masa."

Na ɗauka da hannu biyu na shiga zaure, na durƙusa a gaban fadawa na ajiye. Suka yi ta yaba faifan, wani har da cewa daga ganin murfi ka san na ciki. Ƙanena ya gyara rawani, ya ce bismillah, ya ɗaga.

Ƙwarya wayam, ko ɗigon nono babu. Daga cikin gida sai ga muryar Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga ba, ta ratso har bakin hanya.

"Auta, ka gani, ka yarda?"