Robar Idon Sawu

A farkon shekarun dubu biyu, duk wanda ke buga ƙwallo a filinmu na Gada Biyu yana ɗaure idon sawunsa da roba. Tsohon tib na keke muke yankawa siri-siri, mu naɗe ƙafa tamau kafin mu sa safa. Filin marmara ne da tsakuwa, mun kuma yi imani robar ce ke hana targaɗe. Ba ta taɓa hanawa ba, amma ba wanda ya zarge ta.

Yayana ne ɗan wasan gabanmu, shi ne kuma ya fi kowa gurɗewa. Ƙafarsa ta hagu ta saba da hannun mai ɗori har sun zama abokai. Ranar da aka sake kawo shi gida a goye, babanmu, wanda direban babbar mota ne a Farin Gada, ya yanke magana.

"In aka ƙara shigo mini da kai a bayan wani, ka gama ƙwallo. Mota za ka bi."

Babanmu ba ya maimaita magana. Na ji wa Yaya tsoro sosai, don ban san shi da son wani abu ba bayan ƙwallo.

A lokacin ne muka samu sabon koci, wani malamin motsa jiki daga Anguwan Rukuba da ya yi ritaya. Abu na farko da ya yi shi ne tara robobinmu a leda.

"Kafa naka yana barci a cikin wannan," ya ce da Yaya, da irin tasa Hausar. "In bai ji kasa ba, yaya zai gyara kansa?"

Sai ya sa mu tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a rufe. Ƙarti masu gemu suna tangaɗi kamar sabbin shiga a keke, 'yan acaɓa suna tsayawa suna mana dariya. Daga nan tsalle: ka dira a kan yatsu, gwiwa a lanƙwashe, kada ta karkata ciki. In koci ya ji dim, sai ka sake. Ya ce so yake ƙafa ta koyi kama kanta tun kafin kai ya san ta karkace. Ni dai haushi nake ji, ƙwallo na zo bugawa. Yaya kuwa ko goge baki zai yi, a ƙafar hagu yake tsayawa.

Bayan damina muka yi wasa da 'yan Farin Gada. Ana dab da tashi Yaya ya yi tsalle ya sa kai, ya diro a kan dutse. Ina kusa, na ga ƙafar ta karkata irin yadda ta saba, sai kuma ta dawo daidai. Ya ɗan yi ɗingishi, ya ƙarasa wasan.

A hanyar gida na miƙa masa kafaɗa.

"Kada ka taɓa ni," ya ce.

Haka ya taka tun daga fili, a hankali, gumi na zubo masa duk da sanyin yamma. Babanmu na zaune a ƙofar gida. Labari ya riga mu isowa, yaran motarsa sun kalli wasan.

"Cire safa."

Yaya ya cire. Idon sawun ya ɗan tasa, ko makaho zai lalubo. Baba ya sa babban yatsa ya danna, ya daɗe bai ɗaga ba, yana kallon fuskar Yaya. Yaya bai motsa ba.

"Wa ya kawo ka?"

"Da ƙafata na zo, Baba."

Baba ya saki ƙafar. Ya juya ya dube ni, ni da ban yi komai ba.

"Kai kuma me ka tsaya kallo? Je ka ce wa uwarku ta dafa masa ruwa, gobe yana da atisaye."