Gayyar Bamaguje

A ƙauyenmu, kusa da Balan, gamba ce kawai ta raba gonarmu da ta wani Bamaguje. Ba ya salla, kowa ya san haka tun zamanin kakanninmu. Amma ba a taɓa kiran gayya a garin nan ba a gan shi da garmarsa tun da sassafe ba. Har Alhaji mai sayen gyaɗa ya sha cin guminsa.

Wata damina, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, kurkunu ya kwantar da shi, ciyawa ta taso wa dawarsa. Ya aiko da goron gayya gida-gida. Kowa ya karɓa, kowa ya tauna.

Ana gobe gayya, Alhajin nan ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce gumin Musulmi ba zai zuba a dawar da za a dafa giya da ita ba. Ka ji fa! Mutumin da mudunsa na saye daban, na sayarwa daban, shi ne yau mai tsoron Allah.

Limaminmu, tsoho ne tukuf, ya ce, "Haba Alhaji! Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba, har ya zaci za a ba maƙwabci gādo."

"Allah gafarta Malam, ai maƙwabci Musulmi ake nufi."

"To, ni dai ban ga wannan a littafi ba."

Da gari ya waye, daga ni sai wana sai Liman da 'yar fartanyarsa muka hallara a gonar. Bamaguje ya sa mahaucin garinmu ya yanka masa akuya don kowa ya ci ba shakka. Matarsa ta jera akusan tuwo a gindin ɗorawa, tana ta leƙen hanya har tuwon ya huce. Har yau in na tuna da akusan nan sai raina ya ɓaci.

Mun yi iya yinmu, ciyawa ta fi ƙarfinmu. Da kaka Bamaguje bai sami abin da zai kai shi bazara ba, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen danginsa can wajen Ajingi.

Damina na zagayowa, na fito gona na tarar da yaran Alhaji suna shuka gyaɗa a bayan gambarmu. Maƙwabcin da Annabi ya zaci za a ba shi gādo, shi aka gāda da ransa.