Tumu a Rufin Hindawiyya

Doka ɗaya na taɓa kafawa a gidanmu, ita ma ba wanda ya bi ta: kada a taɓa hoto da hannu. In na dawo daga tafiya na wanko hotuna, sai in hau da su rufin gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka bayan la'asar, in shimfiɗa a kan darduma, in ce wa kowa kallo da ido ake yi, hannu a koma da shi baya. Ƙanwata ta ce to. 'Ya'yanta su ce ɗayyib ya khali, wato to kawu da Larabci, don su Hausarsu ba ta wuce ta cin abinci ba. Inna kuwa sai ta lashi yatsa ta dangwala a tsakiyar hoton, ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambayi mutumin nan, wannan ruwa ne ko kwanon rufi?"

Ni ne mutumin nan. Ɗan fari ne ni, kuma Inna ta tsohon yayi ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye, ko da gwiwata na gogar tata. Ƙanwata ce tafintarmu, alhali duk Hausa ɗaya muke ji. Na yi furfura a haka, kuma in gaya maka gaskiya, ina jin daɗin abin. Wanda ba a yi wa magana kai tsaye, ba a yi masa faɗa kai tsaye.

Sana'ata ɗaukar hoton wurare ce. Ba na biki ba, ba na fasfo ba. Duwatsu, kwari, gajimare, irin waɗanda ake ratayewa a bangon otal. Kasuwata tana buɗewa ne in zafi ya fara sassautawa. Lokacin nan ne gajimare ke saukowa ya kwanta a kan hanyar Ɗa'if, rumman ya tsage a bishiya. Daga nan in gangara Abha, inda birai suka taɓa sace mini murfin kyamara, babbansu ya zauna a kan dutse yana gwada shi a ido, wallahi kamar zai karɓe mini aikin. Na ɗauki Mina bayan alhazai sun watse, tantuna farare har iya ganinka, ba kowa sai kyanwoyi. In aiki ya yi kyau kuma in haye Turkiyya ko Jojiya, inda dazuzzuka ke komawa ja da ruwan ɗorawa.

Ranar da na fara kawo wa Inna hoton jajayen itatuwan nan, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah sarki. Wane ciwo ne ya kama su?"

Na ce, "Inna, kaka ce a can."

"Ce masa wace irin kaka ce ba dami, ba rumbu, ba ko akuya tana kala? Ya kashe takalmi ya je ya ɗauko mana ganye yana mutuwa."

Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, suka ratsa Sudan, suka ƙetaro teku. Tun da ta shigo Makka ba ta sake fita ba. Tsofaffinmu na nan da yawa haka suke, tsoronsu kada ajali ya riske su a waje a binne su a wata ƙasa. Na sha lallaɓa ta mu je Ɗa'if ta sha iska, na ce kafin shayi ya huce mun kai. Ta ce, "Ce masa mai ɗaukar rai ma ya san hanyar Ɗa'if. Iyayena ba su tako duniya da ƙafa don a binne ni a gonar rumman ba."

Sai ciwon suga ya sauka a idonta. Likita ya ja ƙanwata gefe ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiyar ce, kuma gani zai yi ta raguwa har ya ƙare. Mun zaci Inna ba ta ji ba. Da yammar nan muna rufi, tana jan carbi, sai ta ce, "Ce wa mutumin nan, tunda yawon duniya ne aikinsa, ya je garinmu ya ɗauko mini shi. Ina so in gani kafin a kashe fitilar."

Ban taɓa jin ta roƙe ni komai ba sai ranar. Na ce gobe ma in tana so sai in nemi jirgi.

"A'a. Yanzu bazara ce, ƙasar tsirara take. Ban so in gan ta haka. Sai gero ya nuna."

Na ce, "Inna, idon fa ba zai tsaya jira ba."

"Ce masa da kaka na baro garin, da kaka nake so a kawo mini shi."

Na yi magiya, ƙanwata ta yi. Na ce in je yanzu, in sake komawa da kaka. Ta ce in na kawo mata hoton fako, shi zai zauna mata a ido, ba ta so. Wanda ya san Inna ya san an gama magana.

Haka muka shiga jira, gero yana can yana girma, ido yana nan yana tafiya. Ta fara da miƙa wa jikoki allura su zura mata zare. Sai ta fara kiran wannan jika da sunan wancan. Ni kuma na mai da gwajin idon wasa, in tsaya a bakin ƙofa in ce wa ƙanwata, "Tambayi Inna, ni da mijinki wa ya fi kyau yau?" Ta ce, "Ce masa ko da idona garau ban ga abin zaɓe ba." Mu yi dariya, ni kuma in lura cewa ba inda nake tsaye take kallo ba. Duk matar da ta zo Umra daga gida ta biyo unguwarmu, Inna sai ta sa an kira ta. An yi shuka? Ruwan bai yanke ba? Ya fid da kai? Wata magariba ta tambayi ƙanwata me ya sa yau ba a kunna koren hasken hasumiyar agogo ba. Yana nan a kunne, ya cika sama. Na sauka ƙasa na daɗe a banɗaki ina wanke fuska.

Da aka aiko cewa an fara yanka, na ajiye aikin Jojiya na hau jirgin Kano. Daga can mota ta yi arewa da ni. A ƙauyen yara suka bi ni suna dariya, don na ce a ba ni moya maimakon ruwa, suka sa mini suna Balaraben da rana ta ƙona. Aka kai ni wurin wata tsohuwa, taubashiyar Inna, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka yi wasan ƙasa tare. Ta riƙe hannuna ta shafa, ta ce, "Kai ne nata? Tana can ta kama wuri a bakin Aljanna, ta bar mu da surfe. Har yanzu tana da baƙar rowar nan?"

Na yi aiki a ƙauyen nan irin wanda ban taɓa yi wa wani otal ba. In fita da sassafe, in koma da yamma in rana ta yi laushi. Dammuna a jingine, mata suna sheƙa ƙaiƙayi yana tashi kamar zinariya, rumbuna an yaye musu hula ana zubawa. Abu ɗaya Inna ta sha faɗa, wata kuka a bayan gidan babanta, da rijiya a gindinta. Na tambaya, aka nuna mini fili. Iska ta kayar da ita tun da daɗewa, rijiyar ma ta rufta. Na tsaya inda gidan yake na ɗauki gonar da rumbunan, gefen hagu ba komai sai sama.

Na tura wa ƙanwata a waya. Ta kira ni ta ce, "Yaya, ta ce haske kawai take gani kamar an kunna risho. Ka wanko babba ka taho. Ka yi sauri."

Ina haɗa kaya sai ga tsohuwar da tarin zangarniyar gero a ƙunshe a tsohon zane, ɗanye-ɗanye, bai gama bushewa ba. Ta ce, "Kai mata ta yi tumu." Ni da na ci abincin ƙasashe har da wanda ban san sunansa ba, ban san mene ne tumu ba. Na ce, "Baba, jakata ta cika." Ta dubi doguwar jakar da nake sa ƙafar kyamara, ta ce, "Wannan ta mece ce?" Kafin in amsa ta zazzage ƙarfen a ƙasa ta zura geron, ya shige daidai kamar don shi aka ɗinka ta. Ƙafar kyamara a hammata na rungumo ta har Jidda.

A Jidda na sa aka wanko hoton gonar, girmansa ya kai murfin ƙofa. Ban kwana ba na wuto Makka, na hau da shi rufi bayan la'asar, lokacin da haske ya fi kyau. Muka jingina shi a bango, muka zaunar da Inna a gabansa.

Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓawa. Ta ja da baya. Ta goge ido da bakin mayafi, ta karkata kai ta gwada da gefen ido. Can ta ce, "Ce masa akwai wani abu rawaya-rawaya daga ƙasa."

Shi ke nan abin da ta gani. Geron ya nuna, amma idon ya riga shi.

Ƙanwata ta toshe baki da gyale. Ni kuma don in sama wa hannuna abin yi, na jawo doguwar jakar na buɗe. Sai Inna ta ɗaga hanci.

"Me ke ƙamshin gona?"

Na ɗora mata zangarniya ɗaya a cinya. Ta bi ta da yatsu tun daga gindi har tsini, a hankali, ta dawo. Ta ce, "A hura gawayi."

A murhun shayi aka hura. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Ita ta riƙa juya zangarniyar a kan garwashi, tana kasa kunne, in ya fara ƙara tas-tas ta juya. Ta sauke, ta murza a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, hannun ya yi baƙi ƙirin. Jikoki suka kewaye ta, esh hada ya sitti, esh hada, suna tambayar kakarsu mene ne wannan, ta zuba wa kowa a tafi. Haƙoranta ba su da yawa, ta sa 'yan ƙwayoyi a baki tana tsotsa, ta rufe idon da ba ya gani. Sannan ta lalubo gefen hoton, ta juyo wajen da nake.

"Kai. Zo ka faɗa mini abin da ke ciki."

Na waiwaya in ga ko da ƙanwata take. Da ni take. Na durƙusa kusa da ita, na ce nan gona ce, an yanke rabi. Nan dammuna ne a jingine. Nan rumbu ne, wata mata tana miƙa ƙwarya. Tana bi da hannu sama-sama, tana gyaɗa kai, har tana gyara mini, wai ba a cewa hular rumbu a gaban mutane sai su gane ɗan Makka ne. Sai ta kai yatsa can hagu, ta danna a kan sama.

"Nan kukar take."

Na ce, "Tana nan, Inna."

"Ƙarya kake. Tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya sai ka haɗiyi yawu. Na ji ka." Ba ta ɗaga yatsan ba. "Ta faɗi?"

"Ta faɗi, Inna."

"To. A gindinta aka ɗora ni a jaki ranar da muka taso. Na yi ta waiwayenta har ta ɓace. Babana ya ce in daina kuka, muna sauke farali za mu dawo, da mu za a ci tumun baɗi."

Ta sauke hannu ta ce a gasa wata, wannan ta yi wa yaran kaɗan.

Ba ta kai wata damina ba. Aka yi mata salla a Harami, aka binne ta a Makka yadda ta so, a kabarin da ba suna. In na je ziyara sai in yi sallama ga duk layin, na san tana ciki. A 'yan watannin da suka rage mata ta koma yi mini magana ta bakin ƙanwata kamar dā, kamar ba a yi ranar nan ba. Ban yi ƙorafi ba. Sau ɗayan ya ishe ni, ko da yake wani lokaci ina tuƙi a hanyar Ɗa'if sai in ji "Kai, zo," in rasa inda zan tsaya da mota.

Har yanzu ina fita in zafi ya sassauta. Ina ɗauko jajayen itatuwan, ana saye, ba mai tambayata wane ciwo ya kama su. Hoton gonar yana ɗakin ƙanwata. A hagu, a tsakiyar sama, akwai baƙin shatin yatsa na gawayi, har zanen fatar ya fito. Kwanaki na shiga na tarar da babbar 'yarta ta ɗauko tsumma ta nufi wurin, na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa kowa a gidan ba. Ta tsaya da tsumman a hannu, ta haɗo Hausarta da ƙyar ta ce, "Ya khali, ba kai ka ce ba ka son yatsa a hoto ba?"

Na karɓi tsumman na ce mata dokar tana nan yadda take, kada a taɓa.